Sumar da Na Tara Don Jarrabawar Likitanci

Mahaifina wanzami ne. Daga Najeriya ya zo Douala tun yana saurayi, da zabirarsa a kafaɗa, ya zauna a New Bell, ya auri mahaifiyata, wadda a nan aka haife ta, a nan aka haifi iyayenta. Wurin aikinsa benci ne guda a bakin lungunmu, ƙarƙashin wata rumfar kwano. 'Yan Kasuwar Kongo suna zuwa masa aski da ƙaho. Ana kuma kiransa gidajen haihuwa ya yi askin suna, ya cire wa jariri beli, ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro. Tun da na yi wayo, duk Juma'a da hantsi nakan zauna a bencin ya kwashe mini kai tas. Ban san kaina da suma ba sai shekarar da na ci jarrabawar rubutu ta wata makarantar likitanci mai zaman kanta, aka ce saura ta baka nan da mako uku.

Ranar da labarin ya zo, Kawu ya biyo gidanmu daga wurin aiki. Ƙanen mahaifiyata ne, ma'aikacin ofis, Faransanci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, kuma shi ya tsaya mini a kan karatu tun ina firamare. Ya ja ni gefe, ya daɗe yana kallon kaina.

"Da wannan ƙwalƙwal ɗin za ka shiga gaban masu jarrabawa?" ya ce. "Kafin ka buɗe baki sun gama karanta ka. Ka bar suma ta fito, ni zan kai ka a gyara. Kuma in sun tambayi sana'ar babanka, ka ce coiffeur ne, mai askin zamani. Ba ƙarya ba ce, ai aski yake yi."

Na ce to. Ban ji daɗin maganar ba, amma ban musa ba, don Kawu ya san ofisoshi ni ban sani ba.

Juma'ar farko na fice tun da sassafe, na ce zan je karatu gidan wani ɗan ajinmu. Ta biyu ma haka. Idan muna cin abinci nakan ga idon Baba ya sauka a kaina ya ɗauke. Sumar tana fitowa da ƙaiƙayi. Ga zafin Douala mai danshi, gumi ya taru a cikinta, in yi ta susa. Ina sa hula in na zo wucewa ta gaban rumfarsa, ina gaida abokan hirarsa da sauri.

Ana gobe jarrabawa, ranar Laraba ce, na fito da la'asar na tarar ya share bencin, ya ajiye ruwa a kofi, yana wasa aska a jikin fata. Ba kowa a rumfar. Sabuwar aska ce, ban taɓa ganinta ba.

"Zo ka zauna," ya ce. "Gobe za ka gaban manya. Ba a zuwa da kai haka."

Na tsaya a inda nake. Na ce, "Baba, Kawu ya ce a bar ta. Zai kai ni a rage."

"A rage a ina?"

"A wani shago a Nkololoun."

Ya ci gaba da goga askar sau biyu ko uku, sannan ya naɗe ta ya mayar cikin zabira. "To, shi ya san su," ya ce. Ya zubar da ruwan a kwata.

Shagon da Kawu ya kai ni duk madubi ne, kiɗa na tashi, an manna hotunan kawuna iri-iri a bango. Mai askin ya ɗora mini inji mai ƙugi, ya rage gefe, ya bar sama, ya ja layi a goshi, ya fesa wani abu mai ƙamshi mai zafi. Na kalli madubi. Gaskiya kan ya yi kyau, kuma wannan ya fi damuna. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce yanzu na yi kama da ɗan makaranta. Ya ba ni aron kwat ɗinsa mai ruwan toka da lakataye. Hannun kwat ɗin ya rufe mini yatsu, sai da mahaifiyata ta naɗe shi ciki ta ɗinke da zare.

Da safe aka wayi gari da ruwan sama. Lungunmu ya cika, na fito da takalmi a leda, na naɗe wando zuwa gwiwa. Baba yana tsaye a rumfarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini addu'a mai tsawo kamar yadda ya saba, amma bai ɗora hannu a kaina ba, a kafaɗa ya ɗora. Na hau babur zuwa mahaɗar Ndogbong, na wanke ƙafa a bakin wani shago, na sa takalmi, na ƙarasa a ƙasa.

Mun fi awa biyu a baranda muna jira. Kowa ya sha kwat, 'yan mata sun tufke gashi baya. Akwai wani saurayi a gefena da kai a aske tas, yana ta ƙyalli, ba wanda ya ko kalle shi. Shi aka fara kira, ya fito yana murmushi. Na bi shi da ido har ya sauka daga bene.

Mutum uku na tarar a ciki, mace ɗaya da maza biyu. Tambayoyin farko sun zo mini da sauƙi: me ya sa nake son likitanci, yaya jini ke zagaya jiki. Sai macen ta duba takardata ta tambayi sana'ar mahaifina. Na ce coiffeur ne.

Babbansu, wani dattijo mai furfura wanda tun shigowata bai yi magana ba, ya ɗago. Ya tambaye ni unguwarmu, na faɗa. Ya ce, "Coiffeur, ko wanzam?" Da kalmarmu ya faɗe ta, a tsakiyar Faransancinsa.

Na ji gumi ya gangaro daga sabuwar sumar zuwa bayan kunnena. Na ce wanzami ne.

Bai yi dariya ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya ce shi likitan yara ne. An taɓa kawo masa jaririya daga wajen unguwarmu, an cire mata beli, jini ya ƙi tsayawa. Ya ce yana so ya ji ra'ayina a kan wannan aikin.

Da zan iya cewa yana da haɗari, kuma gaskiya ne, in tsaya nan. Da zan iya ƙarawa cewa mahaifina yana tafasa ƙarafansa, kuma na sha ganin ya ƙi taɓa jaririn da bai yarda da lafiyarsa ba, ya ce a kai asibiti. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na ce aikin jahilci ne, masu yinsa ba su san komai game da jikin ɗan Adam ba, ya kamata hukuma ta hana su. Faransancina bai taɓa fita sumul kamar lokacin ba. Macen ta yi rubutu. Dattijon ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce na gode, zan iya tafiya.

Da Baba ya tambaye ni yadda aka yi, na ce an yi tambayoyi a kan jini. Kawu kaɗai na ba labarin duka, don ina so wani ya ce mini ban yi laifi ba. Ya ce na yi daidai.

Da sakamako ya fito, sunana yana ciki. Mahaifiyata ta yi waina, maƙwabta suka cika tsakar gida, Baba ya sa babbar rigarsa yana karɓar barka. A nan ne Kawu, cikin murna, ya fara ba mutane labarin yadda aka ɗana mini tarko na tsallake. Ya maimaita tambayar dattijon, ya maimaita amsata, ya fassara ta da Hausa don kowa ya ji. Sai da ya kai kan kalmar jahilci ya lura Baba ne ke zaune kusa da shi. Ya yi tari, ya juya maganar zuwa tsadar littattafai.

Bayan baƙi sun watse, ina tattara tabarmi, Baba ya kira ni. Na zo na durƙusa, na riga na shirya ba da haƙuri. Bai bar ni na fara ba.

"Yarinyar da likitan ya ce," ya ce, "ta rayu?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ka tambaya ba?"

"Ban tambaya ba, Baba."

"Wace shekara ce? 'Yar wane gida?"

Na ce bai faɗa ba. Ya kalli hannuwansa. Ya ce masu wannan aiki ba su da yawa a unguwar, duk ya san su, kuma bai taɓa jin labarin ba. Ya ce in na fara karatu in nemi dattijon in tambaye shi.

Na fara karatu, na yi ta ganin dattijon yana wucewa a baranda. Sau biyu na bi bayansa har ƙofar ofishinsa na juyo. Ina tsoron abin da zai ce, ina kuma tsoron ranar da zan kai wa Baba amsar. Kafin ƙarshen shekara ta biyu ya bar koyarwa, aka ce ya koma garinsu. Baba ya tambaye ni sau uku a cikin waɗannan shekarun, duk ina cewa ban same shi ba. Daga baya ya daina tambaya.