Goggo Mai Murfi da Robar da Take Dawowa Tas

Ƙarfe shida da rabi na safe take shigowa makarantar, kafin mai gadi ya gama sharar bakin ƙofa. Kwando a ka, jaka a hannu, tana ɗan jan ƙafar hagu saboda gwiwar da ta daɗe tana ba ta wahala. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, bayan ajin 'yan aji ɗaya. Ɗan tsukukun ɗaki ne mai taga ɗaya, da tebur, da famfo, da murhun gashi wanda sai an tokare ƙofarsa da cokali yake rufuwa. Kanta ce ta katako ta zagaye bango biyu. A nan yara suke jera robobin abincinsu idan sun zo, su ɗauka idan an kaɗa ƙararrawar fita tara.

Aikin da aka ɗauke ta yi ke nan, tsaron robobi da goge kantar katakon. Sauran duk ita ta ɗora wa kanta. Tun shekarar farko da ta ga abin da ake turo yara da shi, alawa da lemon kwalba mai rina harshe da biskit ɗin kanti mai zaƙin tsiya, ta ce ba da ita za a yi wannan ba. Ta fara dafa ƙwai tana kawowa, tana yanka karas a tsaye kamar yatsu, tana ɓare lemu. Daga baya ta ƙware a wani biskit nata: garin alkama, nunanniyar ayaba da aka dame, yankakken dabino, ƙwai da ɗan mai, babu sukari ko ƙwaya ɗaya. Iyayen da safiya take ƙure musu suka shiga aiko mata da kayan haɗi, ita kuma ta cika robobin yaransu. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma ƙarshen zangon nan za ta ajiye aiki, gwiwar ta ce ya isa haka.

Yara ne suka sa mata Goggo Mai Murfi, saboda wata ɗabi'a tata. Idan an koma aji bayan tara, sai ta bi robobin nan ɗaya bayan ɗaya tana buɗe murfinsu, tana duba abin da aka ci da abin da aka bari. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma ragowar abinci tana karanta ta fiye da yadda malamai suke karanta takardar jarrabawa.

Shugabar makarantar ta ba ni labarin wani yaro da kwana uku robarsa tana dawowa da karas da gyaɗa ba a taɓa ba, ayaba kawai yake ci. Goggo ta aika wa uwarsa cewa a duba bakin yaron. Da aka je, ashe turmin haƙorinsa ne ya ruɓe, shi kuma ya yi shiru don tsoron allura. Wata malama kuma ta gaya min yadda Goggo ta lura da wata roba da komai na cikinta ake rabawa biyu daidai wa daida, har ɓawon ƙwai kashi biyu ake tarawa. Ta gane yarinyar tana ci ne da ƙawarta wadda ba a ba ta komai daga gida. Ba ta kira kowa ba, ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Washegari kawai robar ta ƙara nauyi, kuma haka ta ci gaba har yaran suka gama makarantar.

Waɗannan ji na yi. Wanda zan faɗa yanzu a gidana ya faru.

Shekara uku da suka wuce matata ta rasu, ta bar ni da autarmu tana da shekara shida. Yayyenta biyu suna makarantar kwana, don haka daga ni sai ita a gidan. Ni a maɗaba'a nake aiki, ina duba kuskure a rubutun mutane kafin a buga. Ban taɓa haɗa robar makaranta ba a rayuwata. Na je kanti na kwaso biskit da burodi da ayaba, kullum da safe in cusa, in rufe, in miƙa mata. Da yamma in buɗe in gan ta tas, ko ɓurɓushi babu, sai in ji daɗi. A gida loma biyu take yi ta ce ta ƙoshi, ni kuma in ce ba komai, ai tana cinye na makaranta.

Amma yarinya sai ramewa take yi. Rigar makarantarta ta soma yi mata yawa, wuyanta ya fito. Na kai ta asibiti, aka yi gwaje-gwaje ba a ga ciwo ba. Likita ya ɗora ta a sikeli, ya dube ni ya ce ya ba ni mako uku. Idan muka dawo nauyinta bai ƙaru ba, zai kwantar da ita a zura mata siririn bututun ba da abinci ta hanci. Na fito riƙe da hannunta, ina jin ƙasusuwan yatsunta a tafina. A wannan asibitin uwarta ta cika, kuma wallahi ban ga yadda zan sake kwana a cikinsa da wani nawa ba.

Kwana biyu bayan haka na zo ɗaukarta, mai gadi ya ce Goggo tana nemana. Na tarar da ita zaune a kan kujerarta, robar Auta a cinyarta.

"Sannu da aiki, Goggo."

"Yawwa, Baban Auta. Shigo ka turo ƙofar." Ta buɗe murfin ta miƙo min. "Me ka gani?"

"Ta cinye," na ce.

"Ayaba ka sa mata yau?"

"Guda ɗaya."

"To ina ɓawon? Ko da shi ta haɗa ta ci?" Ta karɓe robar ta shafa cikinta da yatsa, ta nuna min. "Ɗan nan, yaron da ya ci abinci yakan bar ɓarna. Ɓawo, ɓurɓushi, maiƙo a jikin murfi. Wannan gogewa aka yi. 'Yarka bayan aji take zagayawa, ta juye a kwandon shara, ta goge da gefen rigarta don kada ranka ya ɓaci."

Na nemi wurin zama na rasa, sai na jingina da kantar robobin. Ni da ake ba wa littafi guda in tsamo harafin da ya karkace, ga robar 'yata ina buɗewa kullum, ban ga komai ba.

Goggo ta ce ta daɗe tana zargi, amma sai makon nan ta bi ta da ido ta taga. Ta ga kafin Auta ta zubar, sai ta ɗauki kowane abu ta jujjuya shi, tana duba gefensa kamar mai neman wani abu. A nan ne ta tuna. Lokacin da uwarta take da rai, duk abin da ya zo daga gidanmu da ɗan giɓi yake zuwa a gefe. Shekara guda tana ganin haka, tana zaton yarinyar ce take gutsura a hanya.

"Jiya na zaunar da ita a nan," in ji Goggo. "Na ce, ƙawata, ɗan sam min biskit ɗin nan mana. Na ɓalli gefe da hannu na ci. Sai ta ce min, ba haka Mama take yi ba, da haƙori take yi. Na ce, to in ta gutsura sai ta ce me? Ta ce, sai ta ce, na ɗanɗana miki, ya yi."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Shekara goma sha shida muna tare da matar nan, ban taɓa ganin tana yin haka ba, domin a lokacin da take rufe robar ni ina waje ina ɗumama babur.

Goggo ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Na gutsura mata da 'yan haƙoran da suka rage min, ta ci rabi. Amma ni ta tara ce kawai. Asabar da Lahadi fa? Abincin rana fa? Bakinka take jira, ba nawa ba." Ta ɗaga ledar biskit ɗin da nake saya da yatsa biyu, kamar ta tsinto ta a kwata. "Wannan kuma, ko an gutsura ba zai riƙe mata ciki ba. Ranar Asabar ka zo da safe, ka taho da ayaba wadda ta nuna har ta yi baƙi-baƙi."

Ranar hutunta ce, amma ta zo makarantar. Ta ɗaura min zani a ƙugu don kada in ɓata wando, ta tsaya a kaina. Na dama ayaba, ta ce wannan shafa ce nake yi ba damu ba. Na fasa ƙwai, rabin ɓawon ya faɗa ciki, ta ce ashe masu ilimi ma akwai inda suke zama 'yan aji ɗaya. Ta koya min yadda ake cire ƙwallon dabino, da yadda ake gane kwaɓi ya yi idan ya daina bin cokali. Ta nuna min yadda zan raba robar gida uku: abu mai riƙe ciki, abu mai ruwa-ruwa kamar lemu ko kankana, da abin taunawa. Ta ce kada in cika ta fam, yawan abinci yana tsorata yaron da cikinsa ya ƙanƙance.

Ranar Lahadi na gwada ni kaɗai a gida, a tukunya mai yashi a ƙasa kamar yadda ta ce, tunda ba mu da murhun gashi. Gindin biskit ɗin duk ya ƙone. Litinin da safe na jera uku a roba, da rabin ƙwai da yankan karas. Auta tana tsaye a bakin ƙofar kicin da jakarta a baya. Na ɗauki biskit ɗaya, na gutsura. Ɗaci ya cika min baki. Na haɗiye na ce, "Na ɗanɗana miki, ya yi."

Ta dubi biskit ɗin, ta dube ni. Can ta ce, "Baba, bai yi ba. Ya ƙone." Ta miƙo hannu ta karɓa, ta kai bakinta daidai inda na gutsura, ta cinye shi a tsaye.

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. Akwai ranakun da ta ci ɗaya ta bar biyu, akwai ranar da ta yi ta kuka ta ƙi ko kallon robar. Kullum da yamma Goggo takan tare ni da rahoto: yau ta ci ƙwan ta bar karas, gobe ka yanka shi sirara, yau ta bar lemun, da alama tsami ya yi mata. Da mako ukun suka cika muka koma asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora ta a sikeli, ta duba, ta sauke ta, ta sake ɗorawa. Likita ya rufe katin ya ce mu tafi gida, sai bayan wata guda.

Daga asibitin makarantar na wuce. Na gaya wa Goggo, ta ce alhamdulillahi, ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta ce in matsa mata daga hanya, robobin 'yan aji uku ba ta duba su ba tukuna.

Goggo, na san za ki ce wannan duk surutu ne na marasa aikin yi, idan aka karanta miki. Ki yi haƙuri ki saurara. Ke ce uwar yara a lokacin tara, mai ciyar da 'ya'yan da ba ki haifa ba. Ke ce kika tsaya shekara ashirin da shida a ɗakin da ko fanka babu, kina yanka karas, ba a taɓa kiran sunanki ranar rabon kyaututtuka ba. Yaran da kika ciyar yau wasu suna da nasu yaran, kuma da yawansu ba su san dalilin da ya sa suke son ayaba da dabino fiye da alawa ba. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki huta cikin jin daɗi, ya saka miki da abin da ya fi wanda za mu iya.

Mu kuma iyaye, maza da mata, abin da ta yi bai fi ƙarfinmu ba. Ƙwai ɗaya, ayaba ɗaya, minti goma da safe. Mu rage tura yara da abin da ba mu san da me aka yi shi ba, mu sa hannunmu a abin da za su ci, mu tsaya a wurin lokacin da ake rufe robar. Masu makarantu kuma su duba ƙarshen barandarsu, wataƙila akwai irinta a can ba su sani ba.

Auta yanzu shekararta tara, ta yi kumatu, ita take tsere wa 'yan ajinsu a gudu. Goggo, na binne uwarta, kuma a wancan watan da na ba da labarinsa na soma jin tsoron zan binne ta ita ma. Ke ce kika riƙe min ita.