Ranar da Hajiya Kulu Ta Nemi Izinin Rubutu

Har gobe ba zan manta da ranar da Hajiya Kulu ta taso takanas daga Aliero ta zo ɗakin na'ura neman izini ba. Ku da kuka kama aiki daga baya kun tarar da ita matar Malam Umaru, amma ba ku san ta inda aka bi ba.

A lokacin ni ce mataimakiyar jami'in kula da na'ura a ofishinmu na tallafa wa manoma da ke Jega. Babbar na'urar tana wurinmu, a ɗaki mai sanyi. Rassanmu na Aliero da Maiyama allo da madannai kawai gare su, duk abin da suka rubuta nan yake zuwa ya kwanta. Aikina na kowace Litinin shi ne in buɗe jerin fayiloli in bi shi layi-layi. Kowane layi yana nuna sunan fayil, da mai shi, da girmansa, da wanda ya taɓa shi a ƙarshe. A farkon layin akwai wasu 'yan haruffa, su ne izini. Harafin r yana nufin ana iya karantawa, w kuma ana iya rubutu a ciki. Kashi uku ne: na mai fayil, na 'yan rukuninsa, sai na kowa da kowa. A wancan zamanin sabon fayil da r ɗin kowa yake fitowa, sai in mai shi ya rufe da hannunsa.

Ana tsakiyar cirar albasa na lura da wani fayil mai suna gwaji a ma'ajiyar Malam Umaru, shugaban malaman gona na Maiyama. Mutum ne mai kunya, matarsa ta daɗe da rasuwa, kuma in ka gaishe shi sau biyu sai ya rasa amsar ta biyun. Fayil ɗin kullum ƙara ƙiba yake yi. Na ɗauka rahoto ne, na wuce.

Sai wata safiya Ɗanjuma direba ya tare ni a bakin ƙofa, ya dafa ƙirji, ya ce, "Malama Rabi, ni ba mai yawan magana ba ne." Masu buga takardu suka kwashe da dariya har ɗaya ta kifa kai a tebur. Na ce me ake ciki? Ɗanjuma ya ce, "Ashe ke kaɗai anka bari baya! Kullum bayan azahar sai an karanta muna."

Ashe a fayil ɗin nan Malam Umaru gwajin magana yake yi. So yake ya nemi auren Hajiya Kulu, jami'ar iri ta Aliero, wadda ita ma mijinta ya rasu, amma bakinsa ya ƙi buɗuwa. Shi ne kullum yake zama ya rubuta abin da zai faɗa mata. Kowace rana da jimlar nan da Ɗanjuma ya tare ni da ita yake farawa, ya yi layi biyu a kan halinta na kirki, daga nan sai ya zarce bayanin tsutsar albasa da yadda mutanen garin Sabiyal ke gina rumbun ajiya. Ofisoshi uku suna biye da shi, shi kuwa bai sani ba.

Na yi dariya har da hawaye, daga baya na hango matsala. In maganar ta fita kasuwa, sunan baiwar Allah za a yi ta ja. Na shiga wurin shugaban sashe, Alhaji Bawa, na ce, "Yallaɓai, akwai fayil a buɗe da bai kamata ba."

Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Na Maiyama? Jiya ya kai inda zai gaya mata ya yi wa gidanshi sabon rufi." Ya danne dariya da ƙyar, sannan ya gyara zama. "Ke kina iya rufe shi daga nan, amma ƙa'ida ta ce mai fayil ne zai rufe abinshi. Ki bi motar iri ki gaya mai da bakinki."

A Maiyama na zaunar da shi gaban allo, na nuna masa layin, na ɗora yatsa a kan r ɗin ƙarshe. Na ce, "Malam, wannan harafin yana nufin kowa na iya karantawa."

Ya cire hula ya riƙe. "Kowa?"

"Kowa."

"Har Aliero?"

"Har Aliero, Malam."

Nan take ya rufe fayil ɗin. Ya ce gobe zai nemi a canja masa wurin aiki, in ba a yarda ba ya ajiye, don ba shi da idon da zai sake kallon kowa. Na koma Jega. Aka daina tsokana a ofis, Ɗanjuma ma ya shiga taitayinsa.

Ranar Litinin ina cikin bin jeri sai ga sallama. Hajiya Kulu ce, da jakarta a hammata, fuska ba wasa. Ta ce, "Rabi, ƙorahi ni kawo. Akwai abin da nike karantawa, an kulle shi, kuma ban kai ƙarshe ba."

Na haɗiye dariya na ce, "Yaya Kulu, a ƙa'ida mai shi ne kaɗai zai buɗe miki."

"To a tambaye shi."

Na kira Alhaji Bawa ya zama shaida, na buga wa Maiyama waya. Da na faɗa wa Malam Umaru buƙatar, sai ya sa na maimaita. Sannan ya ce, "Ita da kanta?" Na ce ga ta nan zaune. Na buɗe sabon rukuni mai mutum biyu, shi da ita, na karanta masa abin da zai danna. Na sabunta jerin, sai ga r ya fito a gurbin rukuni.

Hajiya ta sa tabarau ta leƙa. "Wanga harahin na karatu na kaɗai ko? To in mutum na da amsa hwa?"

Alhaji Bawa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza. Na ce, "Sai an ƙara w, shi ma daga mai shi."

"A tambaye shi."

Wannan karon ban gama bayani ba na ji ƙarar madannai ta waya. Na sabunta, w ya bayyana kusa da r. Ban san lokacin da na saki guɗa a ɗakin na'ura ba, ma'aikata suka rugo suna zaton gobara ce.

Hajiya ta kore mu duka gefe, ta zauna, ta yi rubutu da yatsa biyu, ta tashi ta gyara mayafi ta tafi. Muka yi dafifi a kan allon. Girman fayil ɗin ɗan kaɗan ya ƙaru, bai fi layi guda ba, kuma a gurbin wanda ya taɓa a ƙarshe ga sunanta nan ɓaro-ɓaro. Suka yi ta roƙona, "Malama Rabi, ke fa kina da mabuɗin komai!" Gaskiya ne, ina da shi, kuma yatsuna har ƙaiƙayi suke yi. Na ɗora hannuwana a ka na ce ba da ni ba.

Kafin la'asar labari ya zo daga Maiyama cewa Malam Umaru ya aika an sayo wa ofis tsire, yana ta kai da kawowa a tsakar fili yana gaishe da mutanen da ya riga ya gaisar. A makon ne manyansa suka je gidan yayanta a unguwar Jega Magaji. Mu kuma muka gyara saiti, sabon fayil ya koma fitowa a rufe.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, in kuna bin jeri kada ku ga haruffa kawai. Bayan kowane layi akwai mutum da mutuncinsa, kuma wanda aka ba mabuɗin komai, rabin aikinsa haƙuri ne. Ranar walima na matsa kusa da amarya na raɗa mata, "Yaya Kulu, don Allah me kika rubuta?" Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Rabi, ke ba ki cikin rukuni."