Ramin tsakiyar kujera

"Hajiya, wa ke zama a tsakiya?" Tambayar da Baba Rasaki, mai ɗinkin kujerun mota a Sabon Gari, ya jefo min ke nan jiya a gaban jikana Sadiku.

Tsohuwar akori-kurar maigidana marigayi Alhaji ce Sadiku ya tayar, ya kai kujerar a sake mata soso da leda. Na bi shi, don ban yarda da wannan angon nawa ba.

Na ce, "Yara mana."

Baba Rasaki ya danna soson. "Gefen ƙofa kamar sabo. Nan kuwa, jikin direba, ya lotsa sosai. Wannan ba aikin yara ba ne."

Sadiku ya riƙe baki. "Au, Hajiya! Ke da kike ce mana a zamaninku akwai kunya?"

"Akwai mana, ja'iri! A cikin Fagge ina manne da ƙofa kamar baƙuwa. Sai mun bar gari kakanka zai ce, 'Matso, ƙofar nan ba ta rufuwa da kyau.' Shekara da shekaru bai gyara ta ba, ni ma ban tuna masa ba."

Suna ta dariya, ni ina gyara mayafi, don idona ya ciko.

Na ce a canza ledar, amma a bar min tsakiyar yadda take. Sadiku ya ce ramin zai fito. Na ce ya fito. Tun da Alhaji ya tafi, ba wanda ya sake ce min in matso.

Ku fa, wane tsohon abu kuka hana a gyara a gidanku?