Kwalin da Baba Manzo Ya Ƙi Buɗewa a Tasha

Ni ke rubuta kayan aike a tashar motar Tanut. Duk kwali ko buhun da zai tafi Damagaram ko Yamai sai ya bi ta teburina, in rubuta sunan mai aikawa da na mai karɓa, in yanka resi, wato rasit. A bakin wannan tebur na ga farkon abin da ya sami Baba Manzo baduku. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda kuma ƴarsa Fatima ta gaya mini zan ce ita ta faɗa.

Manzo mutumin Gangara ne. A hannun mahaifinsa ya koyi dukanci, ya zo Tanut yana saurayi, ya kafa rumfa a bakin kara inda ake cinikin dabbobi. Yana yin takalma da zabira da kube da gafaka, da tumtum na ɗakin amare. Da kansa yake jeme fata da bagaruwa. Rinin ja na karan dafi kuwa matarsa Hawa ce ke yi masa har Allah ya yi mata rasuwa. Ƴaƴansa maza ba wanda ya ɗauki basilla, duk sun tafi arewa neman zinariya. Fatima, autarsa, ita ce ta rage a gari. Ta yi lekol, makarantar boko, tana aure a unguwar da ke bayan tasha.

Akwai wata ɗabi'a da ya gada, wadda duk masu sayen kayansa suka sani. In ɗinki ya kwance ko igiyar takalmi ta tsinke, ba ka zuwa ka ɗaga masa a gaban mutane. Naɗewa kake yi a tsumma, ka zo ku gaisa, ka tura ƙullin ƙarƙashin tabarmarsa, ka tashi. Shi kuma ba zai taɓa shi ba sai ya koma gida. Kasuwa mai zuwa za ka tarar da shi a gyare, ko sabo a madadinsa, kuma ba zai karɓi komai ba. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce buɗe kayan da aka dawo da su a idon jama'a tozarta mutum biyu ne: mai aiki, an nuna kasawarsa, da wanda ya kawo, an nuna ba a yarda da shi ba. Makiyayan Tarka da na Balbeji sun yi shekaru suna wannan hulɗa da shi, ban taɓa jin an ce wani ya tura masa abin da ba aikinsa ba.

Sannu a hankali ciniki ya ja baya. Takalman roba suka cika kasuwa, ga shekarun da ciyawa ta yi ƙaranci makiyaya suka daina sayen abin ado. Fatima ce ta kawo shawarar ta sa hotunan kayansa a wata kasuwar intanet da ke Yamai. Ta bayyana mana tsarin ranar da suka kawo kwalin farko. Mai saye zai biya, kasuwar ta riƙe kuɗin har kaya su isa. In bai gamsu ba yana da damar mayarwa, a mayar masa da kuɗinsa. Mai sayarwa kuma, in kwali ya dawo, dole ya buɗe shi a tasha a gaban ma'aikaci yana ɗaukar bidiyo, in ba haka ba ba shi da bakin magana daga baya.

Manzo bai saurari wannan ƙarshen ba. Abin da ya dame shi daban ne.

"Malam Mukhtar," ya ce da ni, "wai mutumin da ban taɓa ganin ƙafarsa ba zan yi wa takalmi?"

Fatima ta ce, "Baba, lamba yake faɗa."

"To in babban yatsansa ya karkace fa, kamar na Malam?"

Na janye ƙafata ƙarƙashin tebur, ƴan dako suka yi ta dariya.

Abin ya yi albarka da farko. Kwalaye suka riƙa tafiya Yamai da Maraɗi, ba wanda ya dawo. A ƙarƙashin hotunan masu saye suna rubuta yabo, Fatima tana karanta masa. Shi kuwa sai ya ce ta maimaita wurin da aka ambaci sunansa. Sunansa ne ke kan shafin: Manzo Tanut.

Bayan kaka wani mutum daga Yamai ya yi odar kaya masu yawa, ya ce na auren ƴarsa ne: tumtum, takalman mata, da zabira. Da Manzo ya ji aure ne sai ya ciro fatun da ya adana tun rinin Hawa na ƙarshe, waɗanda ya hana kowa. Ya ce amarya ce ta dace da su. Ina nan aka shirya kwalin a gabana, shi da kansa ya jera kayan, ya sa takarda tsakaninsu don kada su gogi juna. Na rubuta: kwali ɗaya, kayan fata. Iyakar abin da layin littafina ke ɗauka ke nan.

Ba a yi nisa ba saƙo ya zo wa Fatima. Mutumin ya ce kayan ba fata ba ne, roba ce aka shafa wa launi, ya mayar.

Kwalin ya iso da hantsi a motar Abdulƙadir, ɗan aminin Manzo ne, tun yana yaro yake wasa a rumfarsa. Shi ya sauko da shi daga kan mota da hannunsa, ya kawo teburina. Na aika aka kira Manzo da Fatima. Ranar tasha a cike take. Fatima ta riga ta kunna waya tun daga ƙofa.

"Baba, tsaya nan. Malam Mukhtar zai yanke salatif ɗin, ni kuma in ɗauka."

Manzo ya dubi kwalin, ya dubi mutanen da suka fara matsowa, ya dubi Abdulƙadir.

"Kashe wayar nan, Auta."

"Baba, doka ce. In ba mu ɗauka ba shi ke nan."

"Yaron nan ya ɗauko kaya tun daga Yamai, ya sauko mini da su da hannunsa, sai in sa masa waya a fuska kamar ɓarawo?"

Abdulƙadir ya ce, "Wallahi Baba ban damu ba, ka buɗe. Kullum ana yi mana."

"Waɗanda ke yi muku ba su san ubanku ba."

Ni ma na sa baki. Na ce masa ba tuhumar kowa ake yi ba, shaida ce kawai, kuma zan iya sa a buɗe a cikin biro, wato ofishinmu, mu huɗu. Ya ce, "Malam, in akwai aibi a aikina, ni zan fara ganinsa, ni kaɗai. In na gani in gyara wa mutum in mayar masa. Aure fa ya ce." A ransa ya ɗauka wani ɗinki ne ya kwance, mutumin ya yi fushi ya faɗi abin da ya faɗa. Ya sa hannu a littafi, ya ɗora kwalin a amalanke. Fatima ta bi shi a baya wayar na hannunta, tana share ido da gefen mayafi.

Abin da ya faru a gida ita ta gaya mini. Ya shiga ɗakin aikinsa ya ja ƙofa. Da ya daɗe bai fito ba sai ta tura. Ta same shi zaune, kayan a baje a gabansa. Ba ko ɗaya da ya fito daga hannunsa. Tumtum ne na kamfani da takalman roba masu launin ja, irin waɗanda ake zubawa a ƙasa a kowace kasuwa, wasu ma an riga an sa su. Ta ce ya ɗauki takalmi ɗaya yana jujjuyawa, ya tambaye ta, "Auta, ko kuskure suka yi, suka haɗa da kayan wani?"

Ta rubuta wa kasuwar, ta tura hotuna. Amsar ta zo a taƙaice: babu bidiyon buɗewa, babu ƙorafi. Ni ma na rubuta takardar shaida cewa a gabana aka shirya kayan fata na gaske, na buga tambarin tasha. Suka ce takardar ta nuna abin da ya tafi a faɗata, ba ta nuna abin da ya dawo ba. Ban iya musu ba, don ban gani ba. Aka mayar wa mutumin kuɗinsa. Lambarsa ta daina shiga, sunan da ya bayar ma ba mu san ko nasa ne ba.

Manzo bai yi maganar asarar ba ko sau ɗaya, har da fatun Hawa. Abin da ya karya shi bidiyon da mutumin ya saka ne. An nuna hannu yana ɓare launi daga takalmin roba da farce, wata murya tana cewa ga aikin Manzo Tanut, a yi hattara. Kasuwar ta liƙa wa shafin alamar kayan jabu, sannan ta rufe shi. Bidiyon kuwa bai tsaya a Yamai ba. Ya shigo wayoyin Tanut, daga wannan zuwa wancan, har wurin masu shayin tasha na ji ana kallonsa. Waɗanda suka san shi suka ce ƙarya ce. Amma ba kowa ya san shi ba, kuma ko cikin waɗanda suka sani akwai masu cewa, to, tsufa da talauci.

Wata ranar kasuwa ina zaune a rumfarsa wani makiyayi daga Tarka ya zo, dattijo, wanda ya yi shekaru yana sayen takalmi a wurinsa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi dabbobi da rijiya. Ya zaɓi takalmi. Kafin ya sa hannu a aljihu sai ya kai shi hanci ya shinshina, sannan ya ɗan karci gefensa da farce. Bai yi da mugunta ba, ina jin bai ma san ya yi ba. Manzo ya gani. Ya naɗe masa takalmin, ya yi masa addu'ar sauka lafiya. Bayan ya tafi ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, wanda rini ya riga ya zauna a cikinsa.

Abdulƙadir ya je har gida ya same shi. Ya ce, "Baba, da ka buɗe. Ni kunyar minti kaɗan zan ji." Manzo ya ce masa ba laifinsa ba ne, ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa.

Gab da azumi Fatima ta zo teburina da sauri, ta nuna mini wani shafi a wannan kasuwar, na wani kanti a Yamai. Ga tumtum ɗin nan a jere kan darduma, ga takalman, ga zabira. An rubuta aikin hannu na gargajiya, an sa sunan kantin. A ƙasa mutane sai yabo suke, wata ta ce ba ta taɓa ganin ja mai kyau irin wannan ba. Fatima ta kai ƙara, aka ce kayan gargajiya suna kama da juna.

Muka je rumfa tare ta nuna masa. Ya kawo wayar kusa da idonsa, ya ce ta ƙara girman hoton, ta ƙara. Ya bi bakin tumtum ɗin da yatsa a kan gilashin.

"Ɗinkin bai kwance ba," ya ce. "Dubi, Malam, ko ɗaya." Ya miƙa mata wayar. "Karanta mini abin da matar nan ta ce a kan jan."

Ta karanta. Wannan karon bai ce ta maimaita ba, don babu sunansa a ciki.

Fatima ta so ta buɗe sabon shafi da sunanta, ya ce ta bari. Har yau yana rumfarsa a bakin kara, amma ya daina tumtum da zabira. Gyaran guga yake yi da kube, da takalmi jefi-jefi in an matsa masa.

Bayan salla igiyar takalmina ta tsinke, wanda ya yi mini saboda karkataccen yatsan nan. Na naɗe shi a tsumma kamar yadda muka saba, na je muka gaisa, na tura ƙarƙashin tabarma. Ina shirin tashi sai ya ce in dakata. Ya jawo ƙullin, ya kwance shi nan a gabana, ga mutane na wucewa, ga mai goro yana kallo. Ya juya takalmin, ya duba ɗinkin ƙasa, ya kai shi hanci.

"Aikina ne," ya ce. Bai ɗago ya dube ni ba. "Ka yi haƙuri, Malam Mukhtar. Ka dawo kasuwa mai zuwa."

Ya ninke tsumman ya miƙo mini, ya ajiye takalmin a fili kusa da basillarsa.