Kare da Tsohon Gyale

A unguwar Kalpohin, Sualihu mai tuƙa keken haya mai ƙafa uku yana kallon wata dattijuwa mai tabarau, tana tafe da ramammen kare. Tsohon gyalenta ta ɗaura masa, don wuyansa duk tabon igiya ne. Wataƙila daga hannun masu yanka karnuka ta karɓo shi.

Da ganin keken, karen ya turje yana rawar jiki. Ba ta ja shi ba. Ta shiga ta zauna, ta ajiye tsire kusa da ƙafarta.

"Mma, ina za mu?"

"Ba inda za mu, ɗana. Kashe injin, yau zama kawai muke koyo."

Sualihu ya kashe yana murmushi. Can sai ga ƙafar karen ɗaya cikin keken, jela tana ɗan kaɗawa.