Gwiwar Ƙarfe da Jinyar Yayata

Da likitan Kano zai sallame ni bayan an sa mini gwiwar ƙarfe, magana ɗaya ya yi ta nanatawa: "Hajiya, ki taka, ki lanƙwasa, ko da kina hawaye. In ta sandare, ke da sujada a ƙasa har abada." Ni kuwa shekara uku ina salla a kujerar roba, goshina na kewar tabarma. Abin da ya sa na yarda aka yanka ni ke nan.

To, likita bai san mutanenmu ba. Ina dawowa Rano 'yan dubiya suka cika gida, kowa da kwanonsa. Yayata ta taso daga Tarai da ƙunshin kayanta, ta kafa kujera a bakin gado, wai jinya. Na jawo sanda, ta ƙwace: "Ina za ki? Mutum an feɗe shi kamar saniya!" Buta a miƙo mini, fo a turo mini. In na ce likita ya ce, sai ta ce ai ba cikinmu ɗaya da likita ba. Masu dubiya kuma su ce, "Wallahi Hajiya kin yi dacen 'yar'uwa." Dace! Kwana goma ƙafata a miƙe kamar taɓarya, ana kashe ni da ƙauna.

Washegari na gwada lanƙwasa ta, ta ƙi. Tsoro ya kama ni, ya fito a masifa. A gaban baƙi na ce, "Yaya, tattara ki koma gidanki. Gurgunta ni kika zo yi?" Ta zumbula hijabi ta fita neman adaidaita. Matar da ta goye ni fa.

Wata huɗu na yi ina zagaya tsakar gida ina kuka, rabi na gwiwa, rabi na kunya. Gari kuwa ya ɗauka, wai ƙarfen da aka sa mini har zuciya ya kai.

Ranar da goshina ya taɓa tabarma, ina sallamewa na nufi Tarai. Na same ta tana ɓare gyaɗa. Na dafa bango, a hankali na durƙusa a gabanta, na ce ta yafe mini. Ta daɗe tana kallon gwiwar, idonta ya ciko.

"Kin gani ko?" ta ce. "Ba don kwana goman nan da na kwantar da ke ba, da yanzu kina gurguwa."

Na ce, "Haka ne, Yaya."