Injin da Na Ce Babu Shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu sun fara tambayar ɗiyata a sakaye. Ina nan da raina. Ku gyara zama.

Tun bayan korona nike jin wata magana kasuwar albasa. Wai injin iskan da anka kawo gidan likitanmu lokacin annoba yana nan lafiya lau. Wai majo, babban mai jinya, yana kunna shi kowace Alhamis ko babu maras lafiya, ya goge shi, ya rufe.

Na ce a garin ga? An daɗe da sai da shi.

Da anka biyo rumfuna neman gudummawar batirin da zai riƙe injin in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ni na fi kowa baki. Na ce, "Korona ta tahi. Bango za ku ba iska?" Ko dala ban ba da ba.

To, na je Garou awon albasa, na komo da tari. Na ce mura ce. Jiki ya yi zahi, na ce masassara ce, na sayi ƙwaya wurin mai tebur.

Ran kwana na biyar na tsaya sallar Azahar, Fatiha ta gagare ni. Sau ukku ina tsayawa neman numfashi.

Nan tsoro ya shige ni.

Hajiya Rakiya, mai ɗakina, ba ta nemi shawarata ba, ta kira mota.

Anka matse mini yatsa da wani ɗan abu, anka ɗebi jini, anka zura tsinke hancina. Ba korona ba ce. Hoton ƙirji ya nuna ciwon huhu.

Likita ta ce, "Baba, iska ta yi maka kaɗan. Da ba mu da inji sai an kai ka babban gidan likita na Kandi, kuma ban ce za ka kai ba."

Kwana huɗu robar injin iskan nan na hancina. Ran na biyu kuran ya ɗauke da rana tsaka. Na zura wa injin ido ina salati. Bai tsaya ba. Batirin da na hana wa dalata shi ya riƙe ni.

Allurai safe da marece, kwana tara. Magani da gado sun ci jikka arba'in na sefa. Yanzu ina kai ƙarshen Fatiha da numfashi guda, alhamdulillahi.

Allah shi saka wa likita da majo, da duk wanda ya sa hannu aljihu ranar da na noƙe nawa.

Tari ya wuce kwana ukku da zahin jiki, ku bar mai tebur, ku tahi a auna ku. In anka zo neman gyaran kayan likita alhali kowa na lafiya, ku ba da. Lokacinsa ke nan.

Maganar injin kuwa, mutane da yawa sun gaya mini yana nan, ban yarda ba. Ta ƙarshe Hajiya Rakiya ce. Ta duƙo tana gyara mini robar, ta ce, "Alhaji, ka shaƙa a hankali. Ai babu shi."